Karas a Bayan Ɗakin Girki: Yadda Ban-ruwa Ke Tafiya

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Damina ta ɗauke a Bauchi, iska ta fara juyowa daga gabas, lokacin shukar karas ya yi. Bana na ware masa wurin da muka cire masara a bayan ɗakin girki. Ban kai shi inda kuɓewa da tumatir suka zauna ba, domin su biyun suna tara wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, shi kuwa karas saiwar ce duk amfaninsa. Abin da zan fi bibiya a wannan rubutu shi ne ruwa. Mu nan ƙarshen Yelwa rijiya ce gatanmu, sai tankin da muke tarawa idan famfo ya zo, don haka kowane bokiti da lissafinsa.

Yau aka gama haƙar fangali biyu, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 3, zurfin santimita 30. Ɗaya yana jikin katangar yamma, inuwa na rufe shi daga La'asar. Ɗayan yana fili, rana na dukansa wuni guda. Ƙasar gidanmu ja ce mai tsakuwa, sai da muka tankaɗe ta da rariyar magina, muka haɗa da yashi da takin awaki na bara wanda ya ruɓe ya koma baƙi. Ɗanyen taki ba ya shiga fangalin karas, shi ke sa saiwa ta rabu biyu ko uku.

Wani zai ce ina ruwan haƙa da ban-ruwa. Ai daga nan ake farawa. Ƙasar da ta taure, ko nawa ka zuba mata a sama zai kwanta, rana ta shanye shi. Wadda aka sassauta har ƙasa ita ke jan ruwa zuwa inda ake son saiwa ta bi. Na bar bakin fangalin da ɗan tudu kewaye, yadda masu lambu ke yi da rani, don kada ruwa ya gudu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun yi shuka bayan La'asar. Iri biyu na samo: Touchon, dogo siriri mai zaƙi daga dangin Nantes na Faransa, da Kuroda, ɗan asalin Japan, gajere mai kauri da ya fi jure zafi. Touchon ne ya shiga fangali biyun nan. Kuroda na ajiye shi sai Disamba, don shi zai tarar da zafin Maris.

Jiya da yamma na jiƙa ƙasar sosai, har sai da na tura sanda ta shige kamu ɗaya ba gardama, na bar ta ta kwana ta tsane. Wannan ruwan na farko shi ne ajiya. Idan ƙasan ya riga ya sha, abin da ya rage na makonnin farko kula da sama ne kawai.

Irin karas ƙanƙane ne ƙwarai, giram ɗaya kan ƙunshi ƙwaya wajen 800, shi ya sa na cuɗa shi da busasshen yashi don kada ya zube wuri ɗaya. Na ja layi da yatsa, zurfin bai wuce santimita 1 ba, tsakanin layi da layi santimita 20, na barbaɗa, na rufe da tankaɗaɗɗiyar ƙasa, na danna da tafin hannu. Karas ba a renonsa a dasa kamar albasa ko tattasai. Inda aka shuka shi nan zai girma, don da zarar an taɓa bakin saiwar sai ta karkace ko ta rabu.

Wahalar tana nan: irin yana zaune a santimita ɗaya na sama, wanda shi ne farkon bushewa, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya fito. Ƙwayar da ta fara shan ruwa ta kumbura, idan ta bushe sau ɗaya ta mutu ke nan, ko an dawo an cika ta da ruwa ba ta tashi. Mutane da yawa da ke cewa an sayar musu da mataccen iri, ina kyautata zaton wata rana ce guda ƙasar ta bushe musu. Saboda haka na farke buhunan algarara na shimfiɗa a kan fangalin, a kansu nake yayyafa ruwa. Buhun na riƙe danshi, yana hana ruwa tone iri, yana hana saman ƙasa yin ɓawo, kuma yana kare shi daga kaji. Abin yayyafin nawa babban gwangwanin madara ne da aka huda gindinsa da ƙaramar ƙusa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Safe kafin in tafi makaranta, yamma bayan na dawo, rabin bokiti ga kowane fangali. Nakan ɗaga gefen buhu in taɓa. Sanyi da danshi nake nema, ba taɓo ba. Ranar da rana ta yi zafi, babbar 'yata kan ƙara yayyafawa da Azahar. Autana ya leƙa ya ga ba komai, ya ce, "Mama, anya irin nan yana da rai?" Na ce masa wake ne mai gaggawa, karas sai an yi masa haƙuri. Tururuwa ta buɗe hanya ta kusurwar fangalin fili, na zagaye wurin da toka.

Talata, 12 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi, ya tsiro. Ganye biyu sirara ne ke fara fitowa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ciyawa ce ya cire. Ganyen karas na ainihi mai yaga-yaga sai daga baya. Fangalin katanga ya fi fitowa bai ɗaya, na fili kuwa layukan gefensa suna baya, don gefen ne iska ke fara busarwa.

Na ɗage buhunan da yamma, ba da rana ba, don tsiron da ya taso cikin duhu ya samu dare guda kafin ya haɗu da rana. Ba a jinkirta ɗagewa: idan aka bari sai ya yi fari ya yi tsawo marar ƙarfi, ko ya saƙe cikin zaren buhu a tumɓuke shi wajen cirewa. A madadin buhu na kafa 'yan sanduna na rufa tsohon gidan sauro, saboda ƙadangaru, waɗanda da rani ba sa barin ɗanyen tsiro a cikin gida. Gidan sauron ya yi mini amfani na biyu, ruwa na ratsa shi ya sauka a hankali.

Har yanzu safe da yamma ne. Saiwar ba ta wuce gaɓar yatsa ba, kuma ba duka ƙwayoyin suka gama fitowa ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Baba mai lambu, wanda ke kawo mana kayan miya daga lambunsa na bakin rafi, ya shigo ya duba. Ya tsuguna ya tura yatsa, ya zare tsiro ɗaya ya dubi saiwar, ya ce, "'Yata, yanzu sai ki fara janye musu. In kullum danshi na bakinsu, me zai kai su ƙasa?" Na ce, "Baba, ba za su wahala ba?" Ya ce ƙishirwa kaɗan ce ke koya wa karas tafiya.

Maganarsa ta zo daidai da yadda shukar take. A makonnin farko karas tsawo yake yi, saiwar na nutsawa siririya tana bin danshi; kauri sai daga baya. Tsawon da ya samu a wannan lokaci kusan shi ne tsawonsa har girbi. Idan aka ci gaba da yayyafin sama-sama, danshin na tsayawa a sama, sai a samu gajeren karas mai yawan gashi a jiki. Ke nan ban-ruwan karas ba aiki ɗaya ba ne daga shuka zuwa cira. Na farko kaɗan-kaɗan ne akai-akai, na biyu mai yawa ne jefi-jefi, kuma sauyawa daga wannan zuwa wancan a hankali ake yi. Na koma sau ɗaya a rana tun makon jiya. Daga gobe sai bayan kwana biyu, sannan in kai sau biyu a mako.

Inda muka bambanta da Baba shi ne yawan ruwan. Shi inji yake tayarwa ya saki ruwa fangali ya cika, ya toshe ya buɗe na gaba. Mai rafi a gefensa zai iya haka, ni mai guga dole in auna. Lissafin ba shi da wuya: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ga karas ita ce milimita 25 a mako, wato lita 25 ga kowace murabba'in mita. Fangalina murabba'in mita 3 ne, ke nan lita 75, jarka uku mai lita 25. Sai dai wannan ƙa'ida ta fi dacewa da ƙasashe masu sanyi da laima. A raninmu, shukar da ganyenta ya rufe ƙasa takan sha wajen milimita 5 a rana, wato 35 a mako, lita 105 ga fangali ɗaya, jarka huɗu da 'yar ɗoriya. Yanzu da suke ƙanana jarka uku ta isa. Zan riƙa ƙarawa yadda ganye ke ƙaruwa.

Adadin nan madogara ce kawai. Mai yanke hukunci yatsa ne: in na tura shi zuwa gaɓa ta biyu na ji bushewa, lokaci ya yi, ko ranar ba ta zo ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Ranar ragewa. Na ba su ruwa tun da safe don waɗanda za a cire su zare ba tare da girgiza maƙwabtansu ba, na bar tazarar yatsu uku, wajen santimita 5, tsakanin kowane biyu. Aikin nan yana da ciwo, mutum na cire lafiyayyen tsiro da hannunsa, amma karas biyar da suka cushe a wurin ɗaya ruwan ɗaya suke rabawa, kuma nannaɗe juna suke yi a ƙasa. Da na gama na sake yayyafawa don ƙasa ta koma jikin waɗanda suka rage. Aya-aya ta fara leƙowa, ita ma da hannu na bi ta. Fartanya ba ta shiga tsakanin layukan karas ba tare da ta yi ɓarna ba.

Na samo buntun shinkafa buhu guda daga masu injin casa, na shimfiɗa kaurin yatsu biyu tsakanin layukan fangalin fili. Na katanga na bar shi haka, tunda yana da inuwar yamma, in ga wanne zai fi riƙe ruwa. Busasshiyar ciyawa ma tana yi, amma a gidanmu gara ce za ta fara zuwa gaishe ta. Buntun a sama yake zama, ba a cuɗa shi da ƙasa, don wajen ruɓewa zai janye abincin da shukar ke buƙata. Kuma a jiƙa shi nan take, in ba haka ba iska ta kwashe.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na shuka Kuroda a sabon fangali na uku, da buhunan algarara kamar na farko. Ina fatan ya kai mu azumi.

Hunturu ya kankama. Hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da gari, da asuba sanyi na sauka wajen digiri 13 ko 14. Karas yana son wannan yanayi, tsakanin digiri 16 da 21 ne ya fi yin launi da zaƙi. Amma sanyin yana ruɗin mutane su ɗauka shuka ba ta jin ƙishirwa. Iskar nan ba ta da laima ko kaɗan. Wankin da aka shanya da hantsi kafin Azahar ya bushe ƙayau, haka take yi wa saman ƙasa. Na sa an kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke shigowa, kuma tun rana ta farko na ga buhunan sabon fangalin sun daɗe da danshi fiye da da.

Juma'a, 27 ga Disamba

An yi hutun makaranta, na samu sararin yin abin da nake ganin ya fi komai amfani a wannan aiki, wato tona ƙasa in gani da idona. Washegarin ban-ruwa na haƙa ɗan rami a gefen kowane fangali da tsohuwar wuƙa. A na fili mai buntu danshi ya kai santimita 20 har ya wuce. A na katanga ma ya kai, amma samansa ya yi ɓawo ya tsage, kuma ya riga na fili bushewa duk da inuwar da yake samu. Gwajin da nake yi shi ne in dunƙula ƙasar a hannu. In ta dunƙulu, na taɓa ta ta wargaje, daidai ne. In ta ƙi dunƙuluwa, ta bushe. In ta manne a tafi tana ƙyalli, ruwa ya yi yawa, kuma saiwar da ta zauna cikin taɓo iska take rasawa, daga nan sai ruɓa.

Yanzu jarka huɗu ce a mako ga kowane ɗaya daga cikin manyan fangalin, biyu ranar Litinin, biyu ranar Juma'a. Ba na juye su lokaci guda. Nakan zuba ta farko a hankali, in wuce wani aikin, in ta shige in dawo da ta biyu. Ruwan da aka kwarara gaba ɗaya kusurwa mafi kwari yake tafiya, wani gefe ya sha ya ƙoshi, wani ya samu jiƙon sama kawai. Na kuma daina yayyafi a kan ganye. Ganyen ya yi duhu, in ya kwana a jiƙe yana jawo ciwon da ke ƙone gefensa, don haka a gindi nake zubawa, kuma da safe.

Sai batun wane ruwa. Na rijiya da na famfo, wanda ke zuwa mana daga madatsar ruwa ta Gubi, duka suna yi. Wanda ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne ruwan wanki da na wanke-wanke da na kwata. Sabulun gari na tara gishiri a ƙasa, kuma karas ɗanye ake ci, yara ma daga cirewa sai baki. Abin yana damuna idan na ga lambun da ake ba kayan ganye ruwan magudanar gari. Duk wanda ya sayi karas ko latas a kasuwa ya wanke shi da kyau ya kankare. A gidanmu ruwan alwala da na wanke shinkafa gindin ayaba da zogale suke tafiya, su kuma su bar wa karas mai tsabtan.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Famfo ya zo da tsakar dare, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwan ya biyo jikin katanga ya shige fangalin da ke nan. Da asuba na tarar da shi kwance fal, ganye kawai ake gani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya zo daidai lokacin da fangalin ya fi bushewa, ana gobe ranar ban-ruwansa. Karas da ya ji ƙishi fatarsa takan yi tauri. In ruwa mai yawa ya zo masa lokaci guda, cikinsa ya kumbura da sauri fiye da yadda fatar za ta iya buɗewa, sai ya tsage daga sama zuwa ƙasa.

Na fasa bakin fangalin ruwan ya fita zuwa gindin ayaba. Ba zan ƙara masa ko ɗigo ba sai yatsa ya ce a ba shi. Maigida ya ce zai sa a karkatar da bututun da tankin ke zubarwa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kafaɗun karas sun fara bayyana a saman ƙasa, wasu sun kai kaurin babban yatsa. Na tura musu ƙasa na rufe, don inda rana ta taɓa yakan yi kore ya yi ɗaci. Na zare kaɗan daga fangalin katanga, na tarar da abin da nake tsoro: a kusurwar da ruwa ya kwanta akwai masu tsaga.

Wani abu da na lura da shi: da tsakar rana ganyen kan yi laushi ya sunkuya ko da ƙasa na da danshi, da yamma ya miƙe. Wannan ba ƙishirwa ba ce, kuma wanda ya ruga da bokiti saboda shi zai cika ruwa. Ganyen da aka tarar a sunkuye da sassafe shi ne mai ƙishi na gaskiya.

Kuroda ya sha ragewa a makon jiya, shi ma an yi masa buntu, ya koma sau biyu a mako.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mun fara cira. A makonni biyun nan na ɗan rage wa manyan fangalin ruwa, daga jarka huɗu zuwa uku, ban yanke gaba ɗaya ba, don karas da aka bari ya bushe a ƙarshe yakan yi tauri kamar itace. Jiya da yamma na jiƙa layukan da za a cire, yau suna zarewa salin-alin ba wanda ya karye.

Fangalin fili ya faranta mini rai. Miƙaƙƙu ne masu santsin jiki, yawancinsu tsakanin santimita 15 da 18, launinsu ya kama har ciki, zaƙinsu ba ya jin kunyar wanda ake kawowa daga wajen Jos. Na katanga ganyensa ya fi tsawo amma saiwarsa ba ta kai ba. A kusurwar ambaliya da yawa sun tsage, wasu sun yi gashi, kaɗan bakinsu ya ruɓe. Masu tsagar ana ci, sai dai ba sa ajiyuwa, don haka su muka fara yankawa cikin shinkafa.

Hukuncina a kan gwajin shi ne buntu ya fi inuwar katanga nesa ba kusa ba. Ambaliyar ta ɓata kwatancen a kusurwa ɗaya, amma ko a ɗaya gefen da ruwan bai daɗe ba, karas ɗin bai kai na fili ba. Inuwa tana rage masa rana, wadda yake buƙata don ya tara zaƙi, ba ta kuma hana iska busar da ƙasa. Buntu kuwa ya bar masa ranarsa ya tsare masa danshinsa, kuma danshin bai riƙa hawa da sauka ba. Wannan daidaiton shi na ga ya fi yawan ruwan muhimmanci.

Da an cire sai a yanke ganyen nan take, don yana ci gaba da zuƙar ruwa daga saiwar har ta yi yaushi. Awaki suka samu rabonsu. Kusan kashi 88 cikin 100 na karas ruwa ne, shi ya sa masu sayar da shi a Kasuwar Muda Lawal ba sa rabuwa da yayyafa masa ruwa. Ni cikin tukunyar ƙasa nake jera shi, in rufe da yashi mai ɗan danshi, in ajiye a inuwa. Sauran na bar su a ƙasa, layi-layi za mu riƙa cira. Na aika wa Baba nasa. Ya aiko cewa in tanadar masa bayanin inda nake samun buntu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sanyi ya fara ja da baya, rana ta fara cizo, kuma an ƙara wa igiyar guga tsawo. Manyan fangali biyun sun kusa ƙarewa. Ba zan sake shuka karas a cikinsu ba, don irin ba ya tsirowa da kyau idan ƙasa ta yi zafi sosai, kuma wanda ya girma cikin bazara gajere yake zama, launinsa ya koɗe, ɗanɗanonsa ya yi kaifi. Na katanga zan rufe shi da buntu ya huta har damina. Rabin na fili zan watsa alayyafo saboda miyar azumi.

Duk ƙarfin ruwan yanzu ya koma kan Kuroda, wanda ke tsakiyar yin kauri, lokacin da ƙishi ya fi yi masa illa. Sau biyu a mako ba ya isarsa kuma. Kafin ranar ta zagayo yatsa na jin bushewa har gaɓa ta biyu. Na mayar da shi bayan kowane kwana uku, jarka biyu, wato ya doshi lita 120 a mako. Na fi son in matso da ranakun kusa da in ƙara yawan abin da nake zubawa a rana ɗaya, saboda abin da na gani a kusurwar katanga. Na ƙara kaurin buntu zuwa yatsu uku, na kuma ɗaga gidan sauron sama a kan dogayen sanduna don ya rage zafin tsakar rana ba tare da ya yi duhu ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ana sa ran ganin watan Ramadan ƙarshen makon nan, don haka na sauya tsari tun yanzu. Rijiya ta fi kawo ruwa da dare, za a riƙa ja bayan Isha'i a cika jarkoki, ni kuma in ba da ruwa bayan Asuba, kafin rana ta fito kuma kafin ƙarfi ya ragu. Idan rijiyar ta ƙara ja, sai mun haɗa da 'yan garuwa, kuma alayyafo ne zai fara haƙura, ba karas ba.

Na zare Kuroda ɗaya na duba. Kafaɗarsa ta kusa yatsu biyu, jikinsa lafiya ba tsaga ba gashi, bakinsa bai gama cika ba. In Allah ya yarda daga tsakiyar Maris za mu fara cira, mu gama kafin Sallah. Ranar Juma'a zan sake tona gefen fangalin in ga ko jarka biyun na kaiwa santimita 20 cikin wannan zafi. In ba ta kaiwa, zan ƙara rabin jarka in raba zubin gida uku.